Ƙishirwar Gwaggo

Lahadi, da hantsi

Yayata abar ƙaunata,

Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da Baban yara da yaran baki ɗaya. Ya ciwon bayan nan naki? Ƙaramar ta fara takawa kuwa, ko har yanzu rarrafe take? Mu nan lafiya lau, in dai lafiyar jiki ake tambaya.

Na san za ki ce me ya hana ni ɗaga waya. Bango ɗaya ne tsakanin ɗakina da na surukata Inna, kuma kunnenta ya fi na kowa a gidan nan. Ga shi kin san halina, abin da bakina ya kasa, biro kan iya.

Maganar Gwaggo ce. Kada ki tsorata, ba mutum ba ce, motar ɗaukar kayan surukina marigayi Baba ce, farar nan mai buɗaɗɗen baya da ta kwaso kayan ɗakina. Shi ya raɗa mata sunan, wai don ba ta tashi da safe sai ta yi mita. Wata biyar ke nan da rasuwarsa, kuma tun daga lokacin maigidan ke tuƙa ta, yana kai wa masu shaguna kaya daga babbar kasuwa. Ita ce cinmu, ita ce shanmu, mu da Inna.

To, Gwaggo ta kama shan mai kamar an huda mata ciki. Tankin da a da yake kai Baba kwana huɗu, yanzu da ƙyar yake cika kwana biyu da rabi. Maigidan ya shiga ƙarƙashinta da tocila ya fi sau goma, babu inda ke yoyo. Ya shimfiɗa kwali a ƙarƙashinta ya bar shi ya kwana, da safe kwalin a bushe. Ya canza fulogi, ya canza matatar iska, ya daidaita iskar tayoyi, ya rage kayan da yake ɗora mata. Sababbin fulogin mako biyu suka yi suka koma baƙi ƙirin. Bakin salansa kuwa, in kika sa yatsa sai ya fito kamar kin shafi gindin tukunya. In ta tsaya a ƙofar gida, warin ɗanyen fetur har kan gadona.

Da lalacewar mota ce kawai, da ban ɓata miki takarda ba. Akwai abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Ana saura kamar mako uku Baba ya rasu ya fara ba maigidan tuƙi a ranakun da ya gaji. Wata yamma ina shanya a bakin zaure, suka dawo tare. Baba ya leƙa allurar mai, ya sauko ransa a ɓace, ya tsaya a jikin tagar direba ya ce, “Ƙafarka nauyi gare ta. Muddin kai ke tuƙa motar nan, mai ba zai zauna mata a ciki ba.” Maigidan, wanda ban taɓa jin ya mayar wa mahaifinsa magana ba, ran nan ya ce to a riƙe motar, ya ajiye makulli a kan kujera ya shige gida. Mako guda suka yi daga gaisuwa sai gaisuwa. Rana ta bakwai Baba ya yanke jiki ya faɗi a tsakar gida. Kwana biyu ya yi a asibiti, bai ƙara magana ba.

Yanzu Yaya, cire takalmi yake in zai yi tuƙi, wai don tafin ƙafarsa ya riƙa jin totur. Tafiya yake kamar mai ɗauke da ƙwai, har masu keke wuce shi suke. Abokansa na kasuwa sun sa masa Hawainiya, ya yi dariya tare da su, ya dawo gida ya tasa abinci a gaba yana kallo. Duk da haka man tafiya yake.

A littattafan da nake karantawa, in uba ya yi wa ɗa baki, sai babin ƙarshe ake warwarewa, wani sa'in ma ba a warwarewa. A da irin wurin nan ne nake gyara kwanciya in ƙara buɗe shafi. Ban san haka abin yake ba in a tsakar gidanka ya sauka.

Ki sa mu a addu'a. Ki gaida kowa da kowa.

Ƙanwarki,
Auta


Alhamis, bayan la'asar

Yayata,

Ina gaishe ki, ina gaida Baban yara. Da fatan kuna lafiya, da fatan kuma takardata ta farko ta iso. Ban jira amsarki ba, don abin ya ƙaru, kuma wannan karon da hannuna a ciki.

Sai na fara kwatanta miki gaban motar. Tun rasuwar Baba maigidan bai taɓa ko tsinke ba a ciki. Hularsa na nan a saƙale bayan kujera, gidan tabaransa na nan a aljihun ƙofa, har tsumman da yake goge gilashi yana nan yadda ya ninke shi. A jikin gilashin da ya rufe allurai, bayan sitiyari, akwai wani ɗan hoto da aka manna da salatif. Baba ne da ƙuruciyarsa a wata tsohuwar mota, ya ɗora maigidan a cinya yana ɗan shekara uku, ya riƙe masa hannuwa a kan sitiyari. A da a jikin madubi yake. Baba ne da kansa ya sauko da shi nan, ba a daɗe ba kafin rigimar tasu.

Shekaranjiya na bi shi don ya ajiye ni asibiti awo. E, kin karanta daidai, amma wannan labarin wata takardar ce, kada ki faɗa wa Mama tukuna. Da muka juyo, saboda tafiyar hawainiyar nan tasa, rana ta faɗi muna hanya. Baba bai taɓa bari magariba ta same shi a mota ba, shi ma ɗan nasa haka ya tashi, sai yanzu. Duhu na fara shigowa na ga hoton yana haske. Sauran allurai kore-kore suke bayarwa, shi kuwa ruwan ɗorawa, daga ciki yake fitowa, daidai fuskar Baba. Yaron da ke cinyarsa yana cikin duhu, fuskar uban kaɗai ke ci kamar an kunna aci-bal-bal a bayanta.

Da na yi shiru, Yaya. Amma kin san ni. Sai na ji bakina yana zuba irin maganar littafi, wai wanda ya tafi da magana a ciki ba ya barin wurin da ya fi so, wai Baba kallonsa yake. Ina faɗa ina jin daɗin yadda kalmomin suka jeru, Allah ya yafe mini. Maigidan bai waiwayo ba. Ya ce shi ya fi wata yana ganin abin, yana ce wa kansa idonsa ne. Ya ce tunda ni ma na gani, magana ta ƙare.

Jiya da safe ya durƙusa gaban Inna ya ce zai sayar da Gwaggo, ya bar tuƙi har abada. Wani mai sayar da katako ya daɗe yana zawarcinta, sun yi da shi zai zo ɗauka ranar Asabar ta sama. Inna ta dube shi, ta ce shi ne namijin gidan yanzu, ta shiga ɗaki ta tura ƙofa. Ba ta san maganar da Baba ya faɗa ba, ni kuma ba ni da bakin faɗa mata.

Ba sayarwar ce ta fi damuna ba, ko da yake ban san me za mu ci bayanta ba. Abin da na gani a idonsa ne. In motar nan ta fita daga gidan nan da ƙishirwarta, zai rayu har tsufansa yana ganin mahaifinsa ya tafi da fushinsa, kuma ni ce na buga masa hatimi.

Na tattara littattafaina na zuba a kwali na tura ƙarƙashin gado. Ina jin su a can kamar masu numfashi.

Taki har kullum,
Auta


Laraba, da azahar

Yayata ta kaina,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku, takardarki ta iso, na karanta sau uku, kunnena har yanzu zafi yake. Na yarda, kaina cike yake da almara. Na kuma yi dariya inda kika ce in fatalwa ce ke shan fetur, to ta zaɓi abin sha mai tsada. Tambayarki ce ta tsaya mini a rai, da kika ce shin duk cikin masu duba motar akwai makanike ko ɗaya, ko daga mai makoki sai mai karatun littafi.

Babu, Yaya. Akwai aminin Baba da muke kira Kawu, shi ke duba Gwaggo tun tana sabuwa. Tun rasuwar, maigidan ba ya bin layin garejinsa, gara ya yi zagaye ya ƙara ƙona man. Ya ce ba zai iya haɗa ido da mutumin da ya san Baba ciki da waje ba.

Jiya na ce wa Inna zan je sayen zare. Na ɗauki fulogi ɗaya cikin waɗanda aka cire, na goga farin hankici a bakin salansa, na zuba su a jaka kamar mai kai shaida kotu. Garejin rumfar kwano ce a bayan masu walda, da rami a tsakiya, da tsohuwar kujerar mota da aka mayar benci, da wata kyanwa mai ido ɗaya a kai. Kawu ya fito daga ramin yana goge hannu. Da ya gane ni sai ya ce, a'a, amaryar da Gwaggo ta kwaso ce yau da ƙafa? Ya kori kyanwar ya ba ni wuri.

Ya juya fulogin a hannunsa, ya shinshina hankicin, ya tambaye ni ko motar tana rawa in an tsaya da ita a kunne, ko hayaƙinta na sa ido yaji. Na ce duka biyun. Sai ya yi mini bayani, ni kuma na roƙe shi ya maimaita don in rubuta miki daidai. A jikin salansa, kusa da inji, akwai wani ɗan ƙarfe mai kama da fulogi da waya a gindinsa, sansa ake ce masa. Aikinsa shinshina hayaƙi. Yana auna iskar oksijin da ta rage ba ta ƙone ba, ya kai rahoto ga ƙwaƙwalwar mota. In iskar ta yi yawa sai ƙwaƙwalwa ta ƙara mai, in ta yi kaɗan ta rage. Idan sansan ya tsufa ya mutu, yakan maƙale a kan magana ɗaya, kullum a ƙara mai, a ƙara mai, ita kuma ƙwaƙwalwa ba ta musu da shi. Ya ce kamar mai girkin da mura ta kashe wa baki ce, tana ta zuba gishiri tana cewa bai ji ba. Ko da wace irin ƙafa aka taka, man sai ya tafi.

Amma ya ce ba zai rantse ba sai ya jona na'urarsa, don hudar salansa ko tsinkewar waya ma sukan sa lafiyayyen sansa ya yi ƙarya.

Na ji kamar an sauke mini dutse, har na soma godiya. Sai na faɗa masa zancen sayarwa ranar Asabar. Yaya, fuskarsa ta canza. Ya ɗaga kai ya daɗe yana kallon wata kantar ajiye kaya can sama, inda ƙura ta rufe kwalaye. Sannan, ba tare da na ce masa komai game da hoto ba, ya tambaye ni a hankali, “Hoton nan yana nan inda ya manna shi?”

Na gyaɗa kai. Sai ya ce kada in faɗa wa maigidan na zo, shi zai iso da kansa Asabar da sassafe. Na dawo gida ba zare, Inna ta dubi hannuna ta ci gaba da aikinta.

Saura kwana uku. In ya jona na'urar ta ce sansa lafiya lau fa?

Ƙanwarki mai jin maganarki,
Auta


Talata, da walaha

Yayata abar ƙaunata,

Ina gaishe ki gaisuwa ta musamman, ke da mutanen gidan duka. Na ji ƙaramar ta taka, Allah ya raya mana ita. Ki yi haƙuri da shiruna na kwana goma sha uku, so nake in ga ƙarshen abin da idona kafin in rubuta.

Ranar Asabar maigidan ya wanke Gwaggo tun da safe, ya fara kwashe kayan Baba yana sa wa a leda. Saura hoton kaɗai, ya kasa taɓawa, sai ga Kawu da jakarsa a kafaɗa. Maigidan ya durƙusa ya gaishe shi kansa a ƙasa. Kawu bai yi masa ƙorafin komai ba, ya ce dai ba a sayar da tsohuwar ƙawarsa ba su yi sallama ba, a ba shi makulli.

Ya tayar da ita ya bari ta yi zafi. Ya jona wayar na'urarsa a wani rami ƙarƙashin sitiyari, ya kira mu mu gani. A fuskar na'urar akwai wani layi. Ya ce na lafiyayyen sansa hawa da sauka yake ba hutawa. Wannan a kwance yake can ƙasa, miƙe sambal. Ya taka totur ya saki, ya sake takawa, layin bai motsa ba. Rabona da ganin irin layin nan tun a ɗakin asibiti, a kan allon da ke saman gadon Baba. Na san maigidan ma abin da ya tuna ke nan, don na ga ya dafa ƙofa.

Kawu ya kwanta a ƙasa ya bi salansa da hannu, babu huda. Ya bi wayar tun daga gindinta, babu tsinkewa. Ya tashi ya karkaɗe riga, ya miƙa hannu ya sa farce a gefen salatif, ya ɗaga hoton. Yaya, fitila ce a ƙarƙashi. 'Yar ƙaramar fitila ruwan ɗorawa mai siffar inji, wadda mota ke kunnawa in tana da ciwo. Da rana takardar hoton ke rufe ta, da duhu ta ratso.

Sai Kawu ya ciro wani ɗan kwali mai ƙura daga jakarsa. Ya ce Baba bai yarda da fitilun motocin zamani ba, cewa yake gulma ce da su, shi ya sa da wannan ta kama ya rufe mata baki da hoto. Kwana huɗu bayan rigimarsu ya kawo motar gareji shi kaɗai, aka jona na'urar nan, aka ga layin nan. Baba ya zauna a benci, ya ce, “Ashe na zalunci yaron.” Ya sa a yi odar sabon sansa, ya ce ba zai iya ba ɗan cikinsa haƙuri da baki ba, amma in an gyara zai miƙa masa makulli ya ce ya gwada ƙafar tasa yanzu. Sansan ya iso bayan an binne shi, shi ne a cikin kwalin nan. Kawu ya ce da ya ga motar na kauce wa layinsa, ya ɗauka an gyara a wani wurin, bai so ya tayar da ciwo.

Maigidan ya girgiza kai, ya ce, “Kawu, lallashina kake.” Kawu bai yi musu ba. Ya latsa na'urar ya nuna masa wata lamba, ya ce motar da kanta tana lissafin kilomita nawa ta yi tun ranar da fitilar ta kama. Maigidan ya san lambar da ke kan mitar tafiya ranar rigimar, don ita ya ƙura wa ido lokacin da Baba ke masa faɗa. Ya yi lissafi da yatsa a kan ƙurar ƙofa, ya goge, ya sake. Fitilar ta riga rigimar da fiye da kilomita dubu. Ta kama tun kafin a fara ba shi tuƙi.

Ya zauna a ƙasa jikin taya, ya yi kukan da bai yi ba ranar jana'iza. Babu wanda ya hana shi.

Tsohon sansan ya ba su wuya, sai da aka jiƙa shi da mai kafin ya kwance, ya fito baƙi, bakinsa a toshe. Kawu ya ƙi ɗaura sabon, ya ce wanda aka saya dominsa shi zai ɗaura. Da aka goge laifin daga ƙwaƙwalwar aka sake tayarwa, layin ya fara tsalle, fitilar ta mutu. Inna, wadda ashe tana bakin zaure tun farko, ta shiga ciki ta fito da takalmansa, ta ajiye a matakin motar, ta koma. Mai katako ya zo da azahar, aka ba shi ruwa da haƙuri.

Yau tanki na uku muke ciki, biyun farko kowanne ya kai kwana huɗu. Maigidan yana cin abinci, yana dawowa da sauran rana, har ya fara tsokanata wai in ciro littattafaina kafin ɓeraye su sauke karatu. Hoton ya koma jikin madubi, don Kawu ya ce kada a ƙara rufe bakin fitila.

Abu ɗaya ne ban faɗa wa kowa ba sai ke. In aka murɗa makulli rabi, inji bai tashi ba, fitilar nan takan kama, haka aka yi ta. Wasu ranakun, in rana ta faɗi, nakan hango maigidan ta taga ya koma cikin motar shi kaɗai. Ya murɗa makullin rabi, ya ciro hoton ya kara a wurin, fuskar Baba ta haskaka. Bakinsa na motsi, ban san me yake faɗa ba, kuma wannan karon ban ƙirƙiro masa ba. In ya gama sai ya tayar da injin, fuskar ta dushe, ya mayar da hoton jikin madubi ya shigo gida da takalmansa.

Ki gaida Baban yara, ki shafa mini kan ƙaramar. Yanzu kina iya faɗa wa Mama wancan labarin na awo.

Ƙanwarki mai ƙaunarki,
Auta